Rawanin da Na Je Ɗauka Agadas

A ɗakin bugu na Kura aka ɗora mini wannan aiki. Baffana na raka ya karɓi kayan da zai kai Agadas, turkudi ƙunshi-ƙunshi, kowanne an naɗe shi da takarda saboda kada shuni ya zuba. Tun daga bakin lungu muke jin ƙarar guduma. Mutum huɗu ne suka sa gungume a tsakiya, biyu nan biyu can, suna bugu a jere kamar makaɗa. Babbansu dattijo ne, hannunsa ya rine har gwiwa. Da ya ga kyamara rataye a wuyana sai ya ajiye gudumarsa.

"Yaro, da kai za a yi tafiyar?"

"Da ni, Baba, in Allah ya yarda."

"To ina da saƙo. Na fi shekara arba'in ina bugun zanen nan, ban taɓa ganinsa a kan mai shi ba. Ka ɗauko mini hoton wanda ya naɗa shi. Amma fa in ga ƙyallin. In baƙi kawai za ka kawo mini, ai gawayi ma baƙi ne."

Wanda bai taɓa riƙe turkudi ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Ba baƙi ba ne, ba kuma shuɗi ba ne. In ka karkata shi ga haske sai wani ja-ja ya taso daga cikinsa, kamar wuyan tattabara, in ka ɗan motsa hannu ya ɓace. Ni kuwa a lokacin shekarata biyu ina ɗaukar hoton biki da suna, da kyamara 'yar gwanjo da gilashi biyu, ɗaya mai zuƙowa 18 zuwa 55, ɗaya mai 50 wanda ba ya zuƙowa. Maɓallin da ke samanta kullum a kan oto yake, ga filasha. A ɗakin taro haka yana fitar da mutum kunya. Ban san zai gaza ba sai da muka bar gida.

Cikin hunturu muka tashi daga Kano da asuba, muka bi Kazaure da Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam. Tun kafin mu isa Baffa ya ce in sa kyamara a jaka in zuge, ba a ɗaukar hoto a iyaka ko a shingen jami'an tsaro, kuma shawara ce da ya kamata duk matafiyi ya riƙe. Muka wuce Matamaye, kafin azahar muna Damagaram.

Washegari Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci na tsaya a Birni, kusa da ƙofar fada, dattawa na fitowa cikin manyan riguna farare tas, sitati na ɗaukar ido. Na nemi izini na ɗauki wasu uku da ke gaisawa a gindin wani farin bango. Da na duba allon kyamara sai gabana ya faɗi. Rigunan sun koma ruwan toka kamar an kwana da su a murhu, fuskokin kuma sun dushe, ba ka bambanta hanci da kunci. Na sake ɗauka, haka. Na uku ma haka.

A nan ne maganar maigidana da ya koya mini hoto ta dawo mini, maganar da na ji da kunne kawai ban taɓa buƙatarta ba. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san fari ba, bai san baƙi ba. An gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an haɗa haskensa da duhunsa an gauraya, zai ba da ruwan toka matsakaici, irin wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. In ka cika masa ido da farar riga da farin bango, sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage, har sai farin ya koma toka. Fuskar mutum baƙar fata kuwa, da ma ta fi rigar duhu nesa ba kusa ba, sai ta nutse gaba ɗaya. Kyamarar ba ta lalace ba. Abin da aka koya mata ta yi.

Na murɗa maɓallin daga oto zuwa P, inda kyamara ke yin awo amma ta bar ka ka gyara mata, na danna ɗan madannin nan mai alamar ƙari da ragi, na kai shi +1. Rigunan suka farfaɗo. Na ƙara zuwa +1.3, aikin wuyan rigar ya fito da zarensa, fuskokin suka dawo na mutane. Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙa ya ce, "Yawwa, yanzu ka ɗauke mu."

Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisinat. Gonakin gero suna raguwa, itatuwa suna gajarta, har ƙasa ta buɗe ta zama yashi da tsakuwa da ƙaya jefi-jefi. Inda kwalta ta farfashe direba ya sauka gefe, ƙura ta turnuƙe motar. Na naɗe kyamarar da tsohon rawani na ƙudurce ba zan canza gilashi a fili ba, domin ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, duk hoton sararin sama da ka ɗauka da ƙofa a tsuke sai ta fito a matsayin ɗigo.

A cikin motar Baffa ya tambaye ni me nake ta murɗawa tun jiya. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Na ce abu uku ne ke yanke yawan hasken da hoto zai samu. Akwai ƙofar da ke cikin gilashi, wadda masu hoto ke kira afaca, ana faɗaɗa ta ana tsuke ta, kuma lambarta a juye take: f/2.8 ƙofa ce wangame, f/16 ƙaramar huda ce. Akwai labulen da ke yayewa ya rufe, tsawon lokacin da zai yi a buɗe ana auna shi da gutsuren daƙiƙa, 1/60, 1/125, 1/250, har 1/4000 a irin tawa. Sai ISO, wato yadda ake ƙara wa hoton ƙarfi daga ɗan hasken da ya shigo, 100, 200, 400, 800 zuwa sama. Kowane mataki ninki biyu ne ko rabi. Daga f/8 zuwa f/5.6 haske ya ninka. Daga 1/250 zuwa 1/500 ya rabu biyu. In ka ba da mataki ɗaya a nan ka karɓe shi a can, hasken hoton bai canza ba, amma kamannin hoton sun canza: ƙofa wangame tana narkar da abin da ke bayan mutum, labule mai sauri yana daskarar da mai gudu, ISO mai yawa yana yayyafa wa hoto yashi-yashi.

Baffa ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato rini ne. Ƙarfin baba, da daɗewar zane a karofi, da yadda zaren ke shan ruwa. In baba ya yi ƙarfi sai ka tsame da wuri." Har yau ban ji wanda ya faɗe shi daidai kamar haka ba, kuma da wannan misalin nake koya wa yaran da ke zuwa wurina.

Da muka tsaya salla a wani ƙauye bayan Tanut na gwada tsohuwar ƙa'idar masu fim, wadda ba ta buƙatar ma'auni. In rana ta take sosai, inuwa na da baki kamar an yanka da wuƙa, ka sa f/16, saurin labule kuma ya yi daidai da lambar ISO: a ISO 100, 1/100 ko 1/125. Na mayar da kyamarar M, inda ba ta da ta cewa, na ɗauki wasu raƙuma a bakin rijiya. Suka fito daidai, yashi da launinsa na yashi. Da ɗaya ya fara tafiya na buɗe zuwa f/8 na kai labule 1/500, haske ɗaya, ƙafafu a tsaye ba dishi-dishi. Da yamma hazo ya sauko ya cinye kusan mataki biyu, sai na bi shi da f/8 a 1/125. Hazo ba abokin gabar mai hoto ba ne yadda ake zato. Yana kashe launin sama, amma yana tausasa inuwar da ke ƙarƙashin hula da rawani.

Hasumiyar masallacin Agadas ita ke fara yi maka maraba tun kana nesa. Ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, faɗi a gindi, tana tsukewa zuwa sama, an kakkafa itatuwa a jikinta da magina ke takawa in za a yi yaɓe. An gina masallacin a 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ko'ina ka juya Hausa ake yi, a kasuwa, a tasha, a bakin masallaci, ko da yake da nata ɗanɗano. Ba na jin baƙunta.

Kwana biyu da zuwanmu aka ba ni izinin hawa hasumiyar. Matakalar ƙunci gare ta, tana zagayawa, kana hawa tana ƙara matsewa har kafaɗunka su riƙa gogar bango, ga warin jemage. Hasken da ke shigowa ta 'yan ƙananan tagogi kaɗan ne. Na sa kyamarar a kan A, inda kai ke zaɓen ƙofa ita ta zaɓi saurin labule. Haka Nikon ke rubuta shi, Canon kuma Av. Na buɗe f/2.8, na kai ISO 3200, na jingina da bango na riƙe numfashi, na samu sawun ƙafafun da suka sassaƙe matakalar shekara da shekaru.

Sai na fito sama. Gari gaba ɗaya ya baje a ƙasa, ja-ja, soraye da lunguna, fadar Sarkin Abzin ga ta nan dab, can arewa duwatsun Abzin sun yi shuɗi cikin hazo. Iska na kaɗawa, wurin tsayuwa kaɗan ne. Na yi ta ɗauka ta kowace kusurwa, ban duba allo ba, domin ko na duba rana ba za ta bari in gani ba. Sai da na sauko na zauna a inuwa na ga abin da ya faru. Fari fat. Hoto goma sha ɗaya, babu gari, babu dutse, babu komai. Na bar ISO a 3200 da ƙofa wangame. A wannan rana, da wannan saiti, labulen na buƙatar ya fi 1/4000 sauri sau ashirin da wani abu, kuma ba shi da wannan gudun. Lambar saurin labulen tana ta ƙiftawa a cikin madubin leƙe tana gargaɗina, ni kuma idona na kan duwatsu.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Wurin da ya yi duhu a hoto sau da yawa ana iya ɗago shi a kwamfuta, musamman in da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wurin da ya ƙone ya zama fari ya tafi ke nan, babu abin da aka rubuta a wurin balle a dawo da shi. Tun daga ranar, duk lokacin da zan ƙetare ƙofa, daga ciki zuwa waje ko daga waje zuwa ciki, sai na tsaya na duba lambobi ukun nan kafin in ɗaga kyamara.

Da la'asar na je neman wanda zai hura mini ƙurar gilashi, aka nuna mini wani ƙaramin shagon hoto kusa da kasuwa. Mai shi tsoho ne, ya fara aiki tun zamanin fim. Ya ga fuskata ya ce, "Mi ya same ka, ɗana?" Na nuna masa fararen hotunan. Bai yi dariya ba. Ya ce a zamaninsu hoto 36 ne a fim, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke, don haka dole ido ya koyi awo kafin yatsa ya danna. Ya karɓi kyamarar ya kunna mini abu biyu da ke cikinta ban taɓa amfani da su ba. Na farko zanen nan mai kama da tsauni da ake kira histogiram: hagu duhu, dama haske, in tsaunin ya je ya manne da bangon dama to wani abu ya ƙone. Na biyu gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa. Ya ce allo maƙaryaci ne, da rana ya nuna maka duhu, da dare ya nuna maka haske, amma tsaunin nan ba ya canza magana.

Da na gaya masa saƙon mabugin Kura sai ya gyara zama. Ya ce turkudi zai ruɗi kyamara kamar yadda farar riga ta ruɗe ta, amma ta ɗaya gefen: za ta ga duhu ta ƙara haske, rawanin ya koɗe ya koma shuɗin bula. In kuma ga farar riga ga baƙin rawani a jiki ɗaya, duk inda ka ɗan karkata awo zai yi tsalle. "Kada ka auna rigar, kada ka auna rawanin. Miƙo hannunka." Ya juya tafina sama. Ya ce tafin hannun ɗan Adam, baƙi ne shi ko fari, haskensa bai cika nisa da juna ba, kuma ya fi ruwan tokan da kyamara ke nema da kusan mataki ɗaya. Ka sa tafinka a cikin hasken da ke sauka a fuskar mutumin, ka auna shi da awon ɗigo, wanda ke auna ɗan wuri guda kawai, ka ƙara mataki ɗaya a kan abin da ta faɗa, ka kulle a M. Daga nan ko me ya shigo hoton, lambobinka ba za su motsa ba.

Mutumin da na ɗauka abokin cinikin Baffa ne na shekaru, dattijo Ba'abzine, dogo, mai magana a hankali. Sai da aka sha shayi zagaye uku aka gama lissafin kaya sannan Baffa ya gabatar da buƙatar. Da ya ji cewa wanda ya bugi zanen ne ke son ganinsa, ya tashi ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito da sabon naɗi daga cikin kayan da muka kawo, farar riga har ƙasa, amawali ya rufe hanci da baki. Idanu kawai ake gani. Shuni har ya fara sauka a goshinsa.

Na fara gwadawa a tsakar gida. Rana ta yi tsaye da yawa, rawanin ya yi tabo-tabo fari inda haske ya buga, idanun kuma sun faɗa rami. Na roƙe shi mu koma zaure. Na zaunar da shi taki biyu daga bakin ƙofa, haske na zuwa masa ta gefe ɗaya. Na kai tafina kusa da kuncinsa na auna, na ƙara mataki ɗaya, ya ba ni f/2, 1/125, ISO 200. Tsakanin nan da tsakar gidan da muka baro mataki bakwai ne, wato hasken waje ya ninka na zauren sau 128, alhali idona bai ga bambancin ya kai haka ba.

Hoton farko idanu sun fito tar, amma ninkin rawanin da ke gaba da na baya sun narke, f/2 ba ta da zurfi. Ni kuma ninkin nan aka aiko ni ɗauka. Na tsuke zuwa f/4, mataki biyu ke nan na rasa. Ban so in rage saurin labule ba saboda gilashi mai 50 a hannu yana son 1/125 in ana neman kaifi, don haka na biya bashin da ISO, daga 200 zuwa 800. Na kuma cire daidaita launi daga oto na sa shi a hasken rana, don kada jan bangon zauren ya sa kyamara ta yi wa launin rawanin gyaran da ba a tambaye ta ba.

Gefen fuskar da ba ya kallon ƙofa ya yi duhu sosai. Ban kunna filasha ba, da ta daki zanen ta gaba ta kashe shi. Na ce, "Baffa, don Allah tsaya nan, ka buɗe hannun rigarka." Ya tsaya a ɓangaren inuwa ya ware farar babbar rigarsa kamar zai yi tafi, hasken ƙofa ya daki rigar ya dawo a hankali kan kuncin abokinsa. Dattijon ya yi murmushi a bayan amawali, na gane ne daga gefen idanunsa.

Duk da haka ƙyallin bai fito ba. Awo ya yi daidai, tsaunin histogiram na zaune lafiya, rigar fara ba ta ƙone ba, rawanin baƙi mai zurfi, amma baƙi kawai. Na tuna yadda mabugin ke karkata zane in zai duba aikinsa. Ƙyalli ba yawan haske yake bi ba, kusurwa yake bi. Na ce, "Baba, a ɗan juyo wajen ƙofa, kaɗan-kaɗan." Ya fara juyawa, ina leƙe. Can sai jan nan ya taso a kan ninki na sama, ya gangaro ta gefen kunne kamar an zuba narkakken jan ƙarfe. Na ce, "Haka, Baba, a tsaya haka." Na danna sau uku. Na duba: ƙyallin ya kai kusa da bangon dama bai taɓa shi ba, babu inda ke ƙiftawa. Hannuna na rawa lokacin da na miƙa masa ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a gaida masa mai bugun, a ce masa hannunsa na da albarka.

Na sake hawa hasumiyar ana gobe za mu taso, da sanyin safiya, ISO 100, f/8, 1/250, kuma na samu garin da duwatsunsa.

Bayan mun dawo da mako guda na wanke hoton a Kano, babba, a takarda marar sheƙi don kada sheƙin takarda ya yi gasa da na zanen. Na kai Kura da hantsi. Gudumomi suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya goge hannunsa a gefen wando, ya karɓa ta baki-baki, ya fita da shi bakin ƙofa. Sai na ga yana karkata takardar hagu da dama, yadda yake yi wa zane. Ya sa yatsa kusa da ninkin da ke saman kunne ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga nan? Bugun ɗakin nan ne." Ya tambaye ni shekarun mutumin, da ko yana da raƙuma, da yadda yake naɗawa har ya zauna haka. Na isar masa da gaisuwar. Ya ce, "Ina amsawa." Ya sa aka kawo ƙusa aka kafa hoton a bangon da ke fuskantar gungumen, kuma a farin gefen takardar, ta ƙasa, babban yatsansa ya riga ya bar shuni.